Waiwaye: Jarrabawar yaron da ake cewa kansa ba ya ja

Duk ƙarshen zango, ranar raba katin sakamako a firamarorin Zariya, akwai yaron da kowa ya san matsayinsa tun kafin a kira suna: na ƙarshe. Idonsa garau, kunnensa garau, ana aikensa cefane ya dawo da canji daidai. Malamai su ce kansa ba ya ja, 'yan aji su ce daƙiƙi. Masana kuwa suna kiran abin raunin fahimta mara tsanani: yana koyo, amma a hankali, sai an maimaita, sai an nuna masa da hannu.

Gardamar yadda za a gwada irin wannan yaro ta haura shekara ɗari. A 1905 Alfred Binet da Theodore Simon suka fito da gwajin basira a Faransa don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a aji. Daga baya wasu suka mai da gwajin rariyar tace yara.

Amurka ce ta fi shan faɗi-tashi a kai. Dokar 1975 ta buɗe wa yara masu naƙasa ƙofar makarantun gwamnati, amma sama da shekara 20 ana yawan tsame su daga jarrabawar jiha, kada su jawo makin makaranta ƙasa. Gyaran 1997 ya ce dole a lissafa da su, wanda ba zai iya zama ta gama-gari ba a shirya masa wata daban kafin tsakiyar 2000. Nan aka fara tara ayyukan yaro na shekara a fayil, ko malami ya zauna da shi su biyu ya ba shi aiki yana lura. A 2003 aka ƙayyade wannan hanya ga masu rauni mai tsanani, kashi 1 cikin 100 na ɗalibai.

Sai mai rauni mara tsanani ya zama jemage, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba. Ta musamman ta yi masa sauƙi, ta gama-gari ta fi ƙarfinsa. A 2007 aka ƙirƙiro ta tsakiya, ta kashi 2 cikin 100: darasin ajinsa ne, amma an rage tambayoyi, an sassauta harshe, zaɓin amsa uku maimakon huɗu. Ba ta yi tsawon rai ba. Wasu jihohi suka riƙa tura mata yara fiye da kima, aka ga tana rage abin da ake sa ran yaro zai iya, a 2015 aka soke ta. Aka koma ga jarrabawa ɗaya da sassauci: ƙarin lokaci, karanta masa tambaya, ɗaki na daban.

Mu nan, naƙasar da ido ke gani aka fara kulawa da ita. Makarantar makafi ta Gindiri ta buɗe a 1953. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta keɓe sashe ga ilimi na musamman, aka kuma kafa kwalejin horar da malamansa a Oyo. Dokar hana wariya ga masu naƙasa Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019. Hukumar JAMB ma tun 2017 tana da kwamiti ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ya fara da shirya wa makafi jarrabawa. Abin yabo ne, sai dai yaron da muke magana a kansa da wuya ya kai ƙofar JAMB. Aji shidan firamare ko aji ukun ƙaramar sakandare yake tsayawa, a kai shi wajen bakanike ko tela.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin yana hannunmu. Gwajin bi-da-bi da ya zo da tsarin 6-3-3-4 a 1982 an tsara shi ne don a auna yaro tsawon zango, har da ɗabi'arsa da aikin hannunsa. Yau ya koma gwajin rubutu biyu da aikin gida ɗaya, a ajin da malama ke fama da cinkoson yara. Kuma a garin da makarantar allo ta daɗe da sanin cewa kowa da allonsa: malam ya saurari biyawarka kai kaɗai, in ka iya ka wanke, in ba ka iya ba gobe ma rana ce, babu na ɗaya babu na ƙarshe.

Bara na ga wata malama wajen Tudun Jukun da wata yarinya 'yar aji biyar wadda ta miƙa takardar lissafi fayau. Bayan an tashi, malamar ta zuba mata marafan kwalba a kan benci.

"'Yata, awara biyar kika sayar, kowace naira hamsin. Aka ba ki ɗari uku. Nawa za ki mayar?"

Yarinyar ta jera marafan, ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Hamsin, Malama."

Malamar ta ɗauko takardar tattara maki ta duba sama da ƙasa. Gurbi uku ne kawai: gwaji na ɗaya, na biyu, da jarrabawa. Ta rubuta abin da ta gani da fensir a gefen sunan yarinyar.