Hispanos na New Mexico

Hispanos, ko Nuevomexicanos, jikokin masu jin Sifaniyanci ne da suka zauna a arewacin New Mexico, wadda yanzu jiha ce a Amurka, tun kafin yankin ya shiga hannun Amurka, daga baya wasunsu suka bazu zuwa kudancin Colorado. Juan de Oñate ne ya kawo ayarin farko daga Meziko a 1598, aka kafa garin Santa Fe wajen 1610. A 1680 mutanen Pueblo, 'yan asalin ƙasar, suka yi tawaye suka kore su, sai a 1692 Diego de Vargas ya sake kama garin. Yankin ya fita daga hannun Sifaniya ya zama na Meziko a 1821, sannan yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 ta miƙa shi ga Amurka. Ke nan Amurka ce ta tarar da su a gida.

Nisa da sauran ƙasashen Sifaniyanci ya sa harshensu ya riƙe tsofaffin kalmomi, kamar asina maimakon así, da truje maimakon traje. A ƙauyukansu har yau ana noman rani da magudanan ruwa na gayya da ake kira acequia, kalmar da ta samo asali daga Larabci, as-sāƙiya. Manoma ke zaɓen mayordomo, mai raba ruwa, kuma kowace shekara a taru a yashe magudanar kafin shuka. Mafi yawansu Katolika ne, kuma dubbai kan taka da ƙafa zuwa majami'ar Chimayó a makon Ista.

Inda ake ja-in-ja shi ne batun asali. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ake neman a mayar da New Mexico jiha, abin da ya tabbata a 1912, manyansu sun fi son a danganta su da Sifaniya kai tsaye, don kauce wa ƙyamar da Turawan Amurka ke yi wa 'yan Meziko. Amma jinin a gauraye yake. Cikin kakanninsu akwai mutanen Pueblo, akwai kuma genízaros, wato 'yan asalin ƙasar da aka kamo aka yi bauta da su a gidajen Sifaniyawa, waɗanda majalisar dokokin jihar ta amince da su a matsayin 'yan asali a 2007.

Oñate kansa abin gardama ne. Wasu na ganinsa uban al'umma, mutanen Acoma kuwa, ɗaya daga al'ummomin Pueblo, ba su manta da kisan da dakarunsa suka yi musu a 1599 ba. A 2020 aka sauke mutum-mutuminsa da ke garin Alcalde.