Kaka ta yi, ina kason tsufa?

Jama'a, amfani ya fara shiga gida, kowa na rabon buhunansa: na ci, na iri, na zakka, na bashin taki, na auren yarinyar da aka sa wa rana. Kason da ban cika jin ana ambata a taron manoma ba shi ne na ranar da ƙugu zai ƙi sunkuyawa. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ko na kamfani, dokar fansho ta 2014 ta sa ana cire masa kashi 8 cikin 100 na albashinsa duk wata, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Manomi kuwa ba mai cire masa sai shi da kansa.

Za ku ce ai muna da kiwo, muna da adashi, muna ajiye hatsi. Gaskiya ne, kuma ban ce a bari ba. Amma bijimi na fitar da mutum kunyar bana ne, ba ta shekara ashirin ba. Mutanen Zamfara da Katsina sun ga yadda garke ke tafiya a dare ɗaya. Hatsi ƙwari na ci, farashi na faɗuwa. Tsabar kuɗi a ƙarƙashin katifa ta fi duka asara, domin a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100.

A watan Maris na 2019 aka ƙaddamar da ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu, ƙarƙashin PenCom, hukumar da ke kula da fansho ta ƙasa. Manomi, mahauci, tela, ɗan acaba, duk wanda ya kai shekara 18 zai iya buɗewa. Ba a yanka maka adadi. Ka zuba kullum, ko mako-mako, ko wata-wata, gwargwadon samu. Yadda aka faro tsarin, kashi 40 na abin da ka tara za ka iya taɓawa idan larura ta taso, kashi 60 kuma sai ka kai shekara 50. A ganina wannan kullewar ita ce amfaninsa. Mun san halinmu, kuɗin da hannu ke kaiwa, biki da suna ba sa barinsa ya kwana. Idan rai ya yi halinsa, magada ne ke karɓa.

Mai gudun riba, tun 2021 akwai asusun fansho da ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, sai ka yi wa kamfanin fanshon da za ka buɗe asusu a wurinsa maganarsa kafin ka sa hannu. Akwai kuma sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari marar riba, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina tituna.

Ku yi hattara da mai cewa zai ninka muku kuɗi cikin wata guda. Da irin wannan alkawarin ribar banza tsarin damfara na MMM ya kwashe na mutane a ƙarshen 2016, wani irinsa mai suna CBEX ya maimaita a 2025. Kafin ka ba kowa ko sisi, sa yaronka ya duba a waya ko sunan kamfanin na cikin jerin waɗanda PenCom ta ba lasisi, sannan ka tafi da lambarka ta NIN. Iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli da kiwon awaki, ku ma asusun da sunanku za a buɗe, ba da na maigida ba.