Jan Layi a Kan C: Me Za a Goge, Me Za a Bari?

Idan ka buɗe This PC ka tarar layin da ke ƙarƙashin C ya koma ja, Windows na shaida maka ne cewa wurin da ya rage a rumbun ajiya bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Daga nan matsaloli kan biyo juna: sabuntawa ta ƙi shiga, fayil ya ƙi ajiyuwa, kwamfuta ta riƙa sandarewa ana tsakiyar aiki. Tambayoyin nan su ne suka fi yawo a bakin 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya, daga ɗaliban Madina da Ummul Ƙura zuwa masu aiki a ofisoshin Umara na Makka da Jidda. Amsoshin sun shafi Windows 10 da 11.

An sayar min da laftof a kan giga 256 ce, amma 238 nake gani. Mai shagon ya ha'ince ni ne?

Bai ha'ince ka ba, ɗan'uwa. Masu ƙera rumbu da dubu-dubu suke lissafi, ita kuwa Windows da 1024, shi ya sa 256 ke fitowa 238, 500 ta fito 465, tera ɗaya ta fito 931. Sannan Windows kanta da manhajojin da suka zo tare da ita sukan lashe giga 20 zuwa 30, ko ma fiye, kuma tun 2019 tana keɓe wa kanta kimanin giga 7 saboda sabuntawa. Kafin ka zuba hoto ko ɗaya, abin da ke hannunka bai wuce 200 da 'yan kai ba.

To daga ina zan fara gogewa?

Kada ka fara da gogewa. Fara da aunawa. Yawancin mutane idan wuri ya ƙare sai su faɗa wa ƙananan takardun Word da ke kan fuskar kwamfuta, su goge ɗari, su duba su ga layin bai motsa ba. Kamar alhajin da kayansa suka haura kilo ne a filin jirgin Jidda, ya tsuguna yana cire carbi da hula, alhali darduma da kwalayen dabino ne suka danne sikeli.

Danna maɓallin Windows tare da R, ƙaramin akwati zai fito, ka rubuta ms-settings:storagesense ka danna Enter. Na zaɓi wannan hanya ce da gangan, don kwamfutoci da yawa a nan da Larabci suke zuwa, kuma wannan rubutu yana aiki ko da wane harshe aka saita Windows. Shafin zai rarraba maka: manhajoji sun ci kaza, fayilolin wucin gadi kaza, bidiyo kaza. Idan kana son ganin abin filla-filla, akwai manhajojin kyauta irin su WinDirStat da WizTree da TreeSize Free, waɗanda ke jera maka foldoji daga mafi nauyi zuwa ƙasa.

Sau da yawa ɓarawon wurin bidiyo ne. A wayar iPhone, minti ɗaya na bidiyon 4K yana cin kimanin mega 170, idan kuma aka saita shi a hoto 60 cikin daƙiƙa yana kaiwa 400. Wanda ya riƙe waya yana ɗaukar ɗawafi daga saman bene na minti goma a wannan saiti ya tara giga 4 ke nan, nauyin da takardun Word dubbai ba za su kai ba. A nan ma za ka iya cin karo da tsohon kwafin wayarka da iTunes ta ajiye a ɓoye, wani lokacin na wayar da ka sayar tun bara.

Me zan iya gogewa hankalina kwance?

Duk abin da Windows ta tara da kanta, kuma za ta iya sake samar da shi idan ta buƙata. A cikin wancan akwati na Windows da R rubuta cleanmgr, ka zaɓi C. Wannan tsohuwar manhaja ce, tun zamanin Windows 98 take, kuma har yau tana aikinta. Sai dai mutane kan tsaya a shafin farko, su sami mega ɗari biyu ko uku su rufe. Naman yana cikin maɓallin da ke ƙasa mai hoton garkuwa, wanda ke share fayilolin tsarin Windows. Danna shi ka jira. Za ka ga ragowar sabuntawar da aka riga aka shigar, wadda kan kai giga da dama.

Idan kwanan nan aka ɗaga kwamfutar daga Windows 10 zuwa 11, ko aka yi mata babbar sabuntawa, za ka ga folda mai suna Windows.old. Tsohuwar Windows ɗinka ce aka jingine, ko da za ka so komawa. Bayan kwana 10 Windows kan share ta da kanta, amma idan ka gamsu da sabuwar kana iya sallamarta ta nan cikin cleanmgr, ka san dai ƙofar komawa ta rufe.

Sai %temp%, foldar fayilolin wucin gadi, shi ma a rubuta a akwatin Windows da R. Zaɓi duk abin da ke ciki ka goge. Wasu za su ƙi, saboda wata manhaja na amfani da su a lokacin. Tsallake su, ba abin faɗa ba ne.

Kwandon shara kuwa, abin da ke cikinsa yana nan zaune a kan rumbu har sai ka zazzage shi. Ka leƙa ciki tukuna.

Wuri ɗaya nake jan kunne a kai: foldar Downloads. A shafin fayilolin wucin gadi na Settings akwai gurbin da idan ka sa masa alama za a share ta gaba ɗaya. Mu kuwa a nan muke barin kwafin iƙama (takardar izinin zama) da fasfo da tikiti da takardar karɓa daga jami'a, don daga nan aka sauke su ba a kuma matsar da su ba. Wannan folda da ido ake bin ta, ɗaya bayan ɗaya. Haka idan ka kunna Storage Sense, wadda ke sharar da kanta lokaci zuwa lokaci, ka bar ta ta zazzage kwandon shara duk bayan kwana 30, amma ka hana ta taɓa Downloads.

Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina. Littattafai da darussa ne suka cika min rumbu, kuma ba na jin zan iya goge ilimi.

Allah Ya ƙara basira. Ba wanda zai ce ka goge ilimi, amma ka bincika ko ilimin guda ɗaya ne kake ajiye da shi sau huɗu. Ga yadda abin ke faruwa. Aboki ya turo littafi a Telegram, ka buɗe, ya sauka a foldar Telegram Desktop da ke cikin Downloads. Ka kwafe shi zuwa foldar darasin. An sake turo shi a rukunin 'yan aji, ya sake sauka da (1) a ƙarshen sunansa. Ranar da ka karɓi filashar wani babban yaya mai shirin komawa gida ka juye "maktabarsa" sukutum, ga shi a ciki har bugu biyu. Jera foldar bisa girma, za ka ga tagwayen suna bin juna, girmansu iri ɗaya.

Ka kuma bambanta littafin da aka buga da madannai da wanda aka ɗauki hoton shafukansa. Rubutun da ke cikin Maktaba Shamila, manhajar littattafan addini ta Larabci, ba shi da nauyi idan aka gwada da PDF na hoto, inda mujalladi ɗaya kan kai mega gommai. Wanda kake karantawa a wannan zango, da wanda za ka kafa hujja da lambar shafinsa a risala, su zauna. Sauran a mayar da su rumbun waje.

Darussan kuma, ka tambayi kanka ko kallon malamin kake yi ko sauraronsa. Darasin da aka ɗauka a Masallacin Annabi, malam na zaune a kan kujera awa guda, sautinsa kawai idan aka mayar da shi MP3 mai ingancin sauti 64 kbps bai wuce mega 30 ba, kuma murya na fita tangaran. Bidiyon wannan darasin zai iya ninka haka sau goma ko ashirin. VLC na iya cire maka sautin, HandBrake kuma na rage nauyin bidiyon da dole sai an kalla, irin darasin gado da ake zane a allo. Dukansu kyauta ne.

Na ga wasu manyan fayiloli, hiberfil.sys da pagefile.sys, da folda WinSxS. In goge su?

A'a. Pagefile.sys wuri ne da Windows ke aro daga rumbu idan RAM, wato ma'ajiyar aikin da kwamfuta ke yi a lokacin, ta cika, kuma in ka hana ta, manhajoji za su riƙa mutuwa da kansu. WinSxS ɗakin ajiyar sassan Windows ne, gogewa da hannu kan jawo sabuntawa ta daina shiga ko kwamfutar ta ƙi tashi. Ba ta ma kai girman da take nunawa ba, don ana ƙirga wasu fayilolinta sau biyu. Cleanmgr ɗin nan ita ke rage ta ta hanyar da ta dace.

Hiberfil.sys ne kaɗai ke da sassauci. A nan kwamfuta ke zuba abin da kake yi idan ta shiga dogon barci, kuma yakan kai kashi 40 cikin 100 na RAM, wato giga 3 da wani abu ga mai RAM 8. Umarnin powercfg /h off, a Command Prompt da aka buɗe da ikon mai gudanarwa, yana kawar da shi. Amma ga mai laftof da ke yawo da ita tsakanin aji da ɗaki, ban ga ribar ba: caji ya ƙare, aikin da ba ka ajiye ba ya tafi.

Doka mai sauƙi ita ce kada hannunka ya shiga foldar Windows ko Program Files. Manhajar da ba ka so, rubuta appwiz.cpl a akwatin Windows da R ka cire ta ta can.

Manhajojin nan da ke cewa za su wanke kwamfuta da dannawa ɗaya fa?

Ban cika son su ba. Abin da suke sharewa na gaskiya, Windows na share shi kyauta. Abin da suke kuri da shi, wato wanke rajista (kundin saituttukan Windows), ba ya samar da wurin a zo a gani, kuma Microsoft kanta ba ta goyon bayansa. Ko CCleaner da ta fi suna, a 2017 masu kutse sun cusa ƙwayar cuta a bugunta na 5.33, mutane sama da miliyan biyu suka sauke. Balle wadda ta faɗo maka a shafin intanet da jan rubutu tana ihun ta gano matsala dubu uku. Rufe shafin.

Ina zan kai abin da ba na son rabuwa da shi?

Rumbun waje shi ne mafita mafi sauƙi, ana samunsa a Jarir da eXtra da shagunan kwamfuta. Sai dai in ka kwashe hotunan iyali ka kai can ka goge na kwamfuta, har yanzu kwafi ɗaya gare ka, wuri kawai ya sauya. Rumbu kan faɗi ƙasa, kan ɓace a hanyar tafiya hutu, kuma zafin motar da aka bari a rana a watan Yuli ba ya yi masa daɗi. Abin da ba za a sake samu ba, irin risalar da kake rubutawa ko hotunan mahaifi da ya rasu, ya zauna a wuri biyu.

Na biyun zai iya zama intanet. Google na ba da giga 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne ke rabawa. OneDrive giga 5 ne. Ka kiyaye da OneDrive: idan folda na haɗe da shi, abin da ka goge a kwamfuta ya gogu a can ma. Abin da ake yi shi ne a danna fayil da maɓallin dama a zaɓi Free up space, sai ya bar kwamfuta ya zauna a can.

Filashar da aka rubuta wa tera 2 ana sayarwa riyal 30 a kan tabarma kuwa, ƙarya ce aka saita a cikinta. Za ta karɓi fayiloli kamar gaske, ranar buɗewa ka tarar da su a lalace. Manhajar H2testw na tona asirinta kafin ka ba ta amana.

Na goge abu bisa kuskure, na kuma zazzage kwandon. Shi ke nan?

Daina amfani da kwamfutar nan take, don duk abin da ka sauke zai iya hawa kan gurbinsa. A tsohon rumbu mai juyawa, Recuva kan dawo da shi idan an yi sauri. A SSD kuwa, sabon rumbu marar juyawa wanda shi ne a yawancin laftof na yanzu, rumbun kan share gurbin da kansa ba da jimawa ba, samun sa sai an yi sa'a. Duba OneDrive ko Drive ta intanet, kwandonsu na riƙe abu har kwana 30, sannan ka tuna ko ka taɓa tura wa wani ta WhatsApp ko imel.

Ina aiki a ofishin Umara a Makka. Maigida ya ce in goge komai a tsohuwar kwamfutar ofis, za a sa ta a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet. Gogewar ta isa?

Ba ta isa ba, Hajiya. Kwamfutar irin wannan ofis cike take da hotunan fasfo da biza da lambobin wayar mutane, kuma kin ji a sama cewa abin da aka goge yana iya dawowa a hannun wanda ya san hanya. Ki fara kwashe abin da ofis ke buƙata, ki buɗe shi a wata kwamfutar ki tabbatar yana buɗuwa. Ki fita daga Gmail da WhatsApp da duk asusun da burauza ta haddace. Sannan ki rubuta ms-settings:recovery, ki zaɓi Reset this PC, ki zaɓi a cire komai, ki shiga Change settings ki kunna Clean data. Wannan zaɓi na ƙarshe shi ke bin rumbun ya shafe sawun fayilolin, kuma yana iya ɗaukar awoyi, don haka ki jona ta da wuta ki fara bayan La'asar, kada a kashe ta sai ta gama.