Me ake nufi da SpO2 a jikin na'urar da ake maƙalawa a yatsa?

Tun zamanin korona 'yar na'urar nan mai suna oksimita ta shiga gidaje, har ana samunta a kemis-kemis na Jos. Lambobi biyu take nunawa. PR shi ne bugun zuciya a minti ɗaya, wanda ga babba mai hutawa yakan tsaya tsakanin 60 da 100. SpO2 kuwa yana nuna kashi nawa cikin ɗari na himoglobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, ke ɗauke da iskar oksijin. Masu jinya kan rikita lambobin biyu, a ga 78 na bugun zuciya hankali ya tashi a banza.

Ba ta huda fata. Haske iri biyu take ratsa yatsa da shi, ja da wani wanda ido ba ya gani, kuma jinin da ya ƙoshi da oksijin ba ya shan hasken kamar wanda ya rasa. Daga wannan bambancin take fitar da lamba.

Lafiyayyen mutum yakan nuna SpO2 na 95 zuwa 100. Jos na kan tudu, kusan mita 1,200, don haka 95 ko 96 ba abin tsoro ba ne. Idan 93 ko 94 ta tsaya bayan an sake gwaji, a tuntuɓi likita a ranar. In 92 ce ko ƙasa, sai asibiti, babu jiran wayewar gari. Mai tsohon ciwon huhu, likitansa ne zai faɗa masa iyakarsa.

Kafin a gwada, mara lafiya ya huta minti 5. A murza hannun ya yi ɗumi, don a sanyin hunturu jini kan ja baya daga yatsu, na'urar ta nuna ƙasa ko ta ƙi karantawa. A sa yatsan tsakiya ko manuniya har ƙarshe, a ɗora hannun a ƙirji, a jira lambar ta daina tsalle-tsalle, abin da kan ɗauki kusan minti guda. A rubuta ta tare da lokaci, domin saukowa daga 97 zuwa 94 cikin yini ta fi gwaji ɗaya faɗa wa likita gaskiya. Jan farce, baƙin lalle, rawar hannu, hasken rana da batir mai rauni duk suna ɓata lissafi. Ta manya kuma ta yi wa yatsan jariri yawa.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne na lamba mai kyau. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun gano cewa na'urar ta kasa nuna ƙarancin oksijin ga baƙaƙen fata kusan sau uku fiye da fararen fata. Mu ke nan abin ya shafa. Haka wanda ya shaƙi hayaƙin gawayi ko na janareto a rufaffen ɗaki, abin da ke faruwa idan sanyi ya matsa: gubar kan manne wa himoglobin, na'urar ta ɗauke ta a matsayin oksijin, ta nuna 98 alhali mutum na galabaita. A fitar da shi fili a kai shi asibiti. Mai sikila ko mai jegon da jininta ya yi ƙasa ma na iya nuna 97, tunda na'urar ba ta auna yawan jinin.

Shi ya sa mai jinya zai haɗa da ido. Ga yaro mai tari, a ƙirga numfashi cikin minti ɗaya yana natse: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar nimoniya ce. Idan ƙasan ƙirji na lotsawa, leɓe ya canza launi, ya ƙi kama nono, ko tsoho ya fara sambatu, a tafi asibiti ko me na'urar ta nuna.