Injin Yankan Ciyawa Na Hawa Ya Ƙi Tashi: Daga Ina Sabon Shiga Zai Fara?

Na murɗa makulli, shiru kake ji. Injin ya mutu ke nan?

Da wuya. Irin waɗannan injuna, na John Deere ne ko Husqvarna, an yi musu makunnai na kariya. Sai ka taka birki, ka kuma kashe abin da ke juya wuƙaƙe kafin ya yarda ya tashi. Akwai wani makunni a ƙarƙashin kujera da ke kashe inji idan ka sauka wuƙa na juyawa. Duba waɗannan tukuna, sannan fis. Kada ka biye wa masu cewa a haɗa wayar kujera kai tsaye. Ƙafarka take tsarewa.

Idan yana ƙas-ƙas kawai fa?

Batir ne mafi yawa. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 a mitar auna wuta. Kankare farin dattin da ke kan batir, ka ɗaure wayoyi tam, ka yi caji.

Yana juyawa amma bai kama ba.

To, nan ne wanda ya saba da janareta zai ga ɗan gida, don mai, wuta da iska duk suke nema. Fetur da ya kwana a tanki fiye da wata guda yakan fara lalacewa, musamman mai haɗin etanol (wani sinadarin barasa) da ake sayarwa a Amurka. Yana jan danshi, ya bar danƙo a kabureta. Zubar da tsohon, zuba sabo. Kwance fulogi: idan ya jiƙe, mai na zuwa, wuta ce babu ko man ya yi yawa, idan a bushe yake, mai ne bai iso ba. Kabureta ce ta ƙarshe da za ka taɓa, kuma ka ɗauki hoto da waya kafin ka kwance ko da ƙusa ɗaya.

Yana aiki na 'yan mintoci sai ya mutu.

Sassauta marfin tanki. In ya farfaɗo, ƙaramar kafar iskar marfin ce ta toshe.

Hayaƙi fa?

Baƙi, matatar iska ta cushe. Fari ko shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa, sau da yawa don an cika shi ya wuce layi. Ana canza shi bayan awa 50 na aiki.

Yana yanka ɓangare ɗaya ƙasa da ɗaya.

Auna iskar tayoyi kafin ka zargi wuƙa. In za ka sa hannu ƙarƙashi, zare makulli, ka cire wayar fulogi, ka sa safar hannu.