Gano Matsalar Lantarki a Hitar Ruwan Yuriya na Injin Dizal

Hitar ruwan yuriya wani ɓangare ne na tsarin SCR, wanda ke rage iskar gas mai guba ta NOx a hayaƙin injin dizal. Ruwan da tsarin ke fesawa cikin salansa, wanda aka sani da DEF ko AdBlue, haɗi ne na yuriya kashi 32.5 cikin ɗari da tataccen ruwa kashi 67.5, kamar yadda ma'aunin ISO 22241 ya tanada. Yana daskarewa idan sanyi ya kai digiri 11 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyas, kuma girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari idan ya daskare. Aikin hitar shi ne narkar da shi domin famfo ya samu abin turawa.

Asali

Manyan motoci a Turai sun fara amfani da SCR a wajajen 2005, sannan tsarin ya bazu a Amurka bayan dokokin hayaƙi na 2010. Dokokin sun buƙaci ruwan ya narke har a soma fesa shi cikin kimanin minti 70 bayan tayar da inji a yanayin sanyi, shi ya sa kwamfutar mota take sa ido a kan hitar. Idan matsala ta daɗe ba a gyara ba, kwamfutar takan rage ƙarfin inji, a wasu motocin har gudu ya koma kusan kilomita 8 a awa.

Yadda aka haɗa ta

Yawanci akwai hita a tanki, da wata a jikin famfo, da waɗanda aka naɗe a tiyon da ke kai ruwan ga bakin feshi. Manyan motoci da dama suna ɗumama tanki da ruwan sanyaya inji, su bar wa lantarki tiyo kawai. Wuta tana tasowa daga batir, ta bi ta fis da rile (makunnin da kwamfuta ke sarrafawa), ta ratsa hitar, sannan ta koma jikin mota, kuma kwamfuta ce ke kunna ta bisa rahoton na'urar auna zafi.

Lambobin matsala

Idan kwamfuta ta gano matsala, takan ajiye lambar da ake karantawa da na'urar bincike. A ƙananan motoci, P20B9 na nufin layin hita ta farko ya katse, P20BA aikinta ya gaza, P20BB wuta ta yi ƙasa, P20BC kuma ta yi sama. Manyan motoci masu tsarin sadarwar kwamfuta na J1939 suna nuna lambar ɓangare SPN 3363 ga hitar tanki, tare da lambar FMI da ke fayyace irin matsalar. Lamba tana nuna layin da za a bincika ne, ba ta tabbatar da cewa hitar kanta ce ta mutu ba.

Bincike

Ana farawa da fis da rile, sannan a cire soket a duba haƙoransa. Yuriya tana cin tagulla, kuma idan ta yi yoyo takan bi waya ta bushe ta bar farin gishiri a cikin soket, don haka tsatsa a wannan wuri tana cikin abubuwan da aka fi samu. Haka nan ake bin wayarin a duk inda yake gogar ƙarfe ko ya kusanci zafin salansa.

Daga nan sai a auna turjiyar hitar da mita bayan an raba ta da layi. Lafiyayyar hita kan nuna om (ma'aunin turjiya) kaɗan, kuma ainihin adadin yana cikin littafin kamfanin da ya ƙera motar. Idan mita ba ta karanta komai ba, zaren ciki ya tsinke. Idan ta nuna haɗi tsakanin hitar da jikin mota, wuta tana zurarewa. A bisa dokar Ohm, hita mai om 2 a kan volt 12 za ta ja amfiya 6, wato wat 72. Irin hitar da ake kira PTC turjiyarta tana hawa yayin da ta ɗau zafi, saboda haka awon da aka yi tana ɗumi yakan ruɗar da mai gyara.

Awon da ya fi tona asirin matsala shi ne wanda ake yi hitar tana jan wuta. Wayar da silinta ɗaya kacal ya rage za ta iya nuna volt 12 cif a mita, amma da zarar an ɗora mata nauyi sai wutar ta faɗi. Da yake kwamfuta ba ta kunna hitar idan babu sanyi, ana umartar ta da na'urar bincike, a auna wutar da ake asara a layin shiga da na komawa, a kuma maƙala mitar amfiya a waya. Idan layi da hita duka lafiya suke, sai a kwatanta zafin da na'urar tanki ke faɗa da zafin waje bayan mota ta kwana a ajiye. Kwamfutar ita ce ta ƙarshe da ake zargi.

Gyara

A motoci da yawa an haɗe hitar tanki da na'urorin auna zafi da yawan ruwa wuri guda, sai dai a canza su gaba ɗaya. Masu gyara sun saɓa a kan ɗaura tsinkakkiyar wayar hitar tiyo, amma kamfanoni galibi suna umartar a sa sabon tiyo.