Biyan Masu Kiwo Don Kare Muhalli da Ɗorewar Tasirinsa

Biyan masu kiwo don kare muhalli tsari ne da gwamnati ko wata ƙungiya ke ba mai dabbobi kuɗi bisa sharaɗin ya sauya yadda yake kiwo: ya dasa itatuwa a makiyaya, ya katange bakin rafi, ya rage yawan dabbobi a fili, ko ya jinkirta yankan ciyawa har tsuntsaye su gama ƙyanƙyasa. Yawancin yarjejeniyoyin suna da wa'adi, daga shekara biyu zuwa goma sha biyar. Shi ya sa tambayar da ta fi damun masu tsara su ita ce abin da zai faru bayan an daina biya. Abin da aka gani a ƙasashe da dama ya nuna cewa girman kuɗin ba shi ne kan gaba wajen yanke wannan hukunci ba. Abin dubawa shi ne ko sabuwar hanyar tana mayar wa mai kiwo da kuɗinsa da kanta.

Iri biyu na sauyi

Akwai sauyin da ke cin jari mai yawa da farko, daga baya ya riƙa kawo riba, kamar dasa itatuwan harawa da shuka ingantacciyar ciyawa. Abin da ke hana mai kiwo shiga irin wannan shi ne rashin kuɗin farawa da kuma watannin da fili zai yi ba a kiwo a cikinsa. Akwai kuma sauyin da asararsa ke dawowa kowace shekara, kamar barin fili ya koma daji ko rage garke. Na farko biyan ɗan lokaci yakan wadatar da shi. Na biyu kuwa tamkar haya ne: ranar da kuɗi ya tsaya, dalilin haƙuri ma ya tsaya, sai in doka ko ƙa'idar al'umma ta riƙe shi.

Gwajin Latin Amurka

Misalin da aka fi bin diddiginsa shi ne shirin haɗa kiwo da itatuwa da Bankin Duniya ya jagoranta daga 2002 zuwa 2008 a Quindío ta Kolombiya, Esparza ta Kosta Rika, da Matiguás ta Nikaragua. An raba hanyoyin amfani da fili gida 28, kowane da makinsa bisa ire-iren halittun da yake ɗauka da iskar kabon da yake adanawa. Makiyayar da ta lalace ba ta da maki ko ɗaya, cikakken daji yana da maki 2. Tsakaninsu akwai ingantacciyar ciyawa marar itace mai maki 0.5, da wadda ke da itatuwa fiye da 30 a hekta mai maki 1.3, da fili mai cunkoson itatuwan harawa mai maki 1.6.

Ana auna gona da farko, a biya dala 10 sau ɗaya kan kowane makin da aka tarar, don kada wanda ya riga ya kula da itatuwansa ya ga an yi masa rashin adalci, ko wani ya sare nasa don ya fara daga ƙasa. Daga nan sai a riƙa biyan dala 75 a shekara kan kowane ƙarin maki, har shekara huɗu. Wanda ya mayar da hekta ɗaya ta lalatacciyar makiyaya zuwa filin itatuwan harawa zai sami dala 120 a shekara ke nan. Kuɗin bai kai abin da ake kashewa wajen kafa irin wannan fili ba. Rage nauyi ne kawai.

An daina biya a 2007. Da masu bincike suka koma Quindío a 2011 sai suka tarar manoman ba su koma gidan jiya ba: itatuwan, shingayen itace masu rai da ingantacciyar ciyawar suna nan. Binciken da aka yi a Nikaragua ya ba da sakamako mai kama da haka. Sai dai bayan tsayawar kuɗin sauyin bai ci gaba da bazuwa da saurin da ya yi a baya ba. Kuma tun lokacin shirin, abin da manoma suka fi runguma shi ne hanyoyin da ke ƙara nono da nama. Filin da aka bari ya koma daji kaɗan ne, duk da cewa makinsa ya fi yawa.

Abin da ke sa filin itatuwan harawa ya tsaya ko ya mutu

Itacen da aka fi amfani da shi a ƙasashe masu zafi shi ne lukena, wanda masana ke kira Leucaena leucocephala. Dangin wake ne, saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, ganyensa kuma yana da furotin fiye da kashi 20 cikin ɗari. A tsarin cunkoso ana shuka dubban tsirrai a hekta, sau da yawa fiye da 10,000, a jere, da ciyawa tsakanin layuka. Ƙwayar irin tana da ɓawo mai tauri, don haka ake jiƙa ta cikin ruwan zafi na kimanin digiri 80 na 'yan mintoci, sannan a gauraya ta da ƙwayoyin halittar da ke taimaka wa saiwa kama naitirojin.

A shekarar farko ce filayen suka fi mutuwa. Tsiron yana tashi a hankali, ciyayi na danne shi idan ba a yi noma ba, kuma idan aka saki shanu kafin ya kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu sai su cinye shi har ƙasa. Wannan jira na wata shida zuwa shekara shi ne ainihin abin da kuɗin shiri ke saye. Bayan ya kafu, sai a raba fili ƙanana da wayar lantarki, dabbobi su yi kwana ɗaya ko ƙasa da haka a yanki guda, yankin ya huta kwana 35 zuwa 50. Inda babu ruwan sha a kowane yanki, wannan juyin kiwo yakan rushe, domin mai kiwo zai buɗe shinge dabbobi su je rafi.

Lukena ba ta jure ƙasa mai tsami sosai, ko mai riƙe ruwa, ko sanyin da ke daskarar da raɓa. Tana kuma ɗauke da guba mai suna mimosin, wadda ke jawo zubar gashi, dalalar miyau da rama ga dabbar da tumbinta bai saba ba. Shi ya sa ake farawa da kaɗan, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abinci. Manomin da ya tsallake waɗannan matsaloli yana iya ɗora dabbobi ninki biyu ko fiye a fili ɗaya ba tare da sayen takin zamani ba, kuma ba ya buƙatar wanda zai biya shi kafin ya bar itatuwan.

Inda biyan ya zama haya

Shirin ajiye filaye na Amurka, wanda aka kafa a 1985, yana biyan manoma su mayar da gonaki masu zaizaya zuwa ciyawa na shekara 10 zuwa 15. Ya kai eka miliyan 36.8 a 2007. Da farashin hatsi ya tashi, majalisa kuma ta rage iyakar filin da za a ɗauka, miliyoyin eka sun fita, an sake nome da yawa daga ciki. Filayen da suka fi zama a ciyawa su ne marasa albarkar noma, da waɗanda masu su ke da shanu da shinge da ruwa, wato inda ciyawar ke da amfani ga mai ita. Nan ne batun kabon ke da rauni: ƙasa kan ɗauki shekaru ashirin ko fiye tana tara shi, garma kuma ta saki kaso mai yawa cikin 'yan shekaru.

Ƙasar Sin ta fara nata shirin a 2011 a manyan yankunan kiwo irin su Mongoliya ta Gida da Tibet da Qinghai. Da farko an riƙa biyan yuwan (kuɗin Sin) 6 kan kowane mu, wato kashi ɗaya cikin 15 na hekta, inda aka hana kiwo gaba ɗaya, da yuwan 1.5 inda aka daidaita garke da ciyawa. A 2016 aka ɗaga su zuwa 7.5 da 2.5. Tunda da faɗin fili ake lissafi, mai ƙaramin fili, wanda shi ne ya fi cunkusa dabbobi, shi ke samun mafi ƙanƙanta, kuma kuɗin ba ya maye gurbin tumakin da zai sayar.

A Tarayyar Turai, tun 1992 wajibi ne kowace ƙasa ta samar da irin waɗannan shirye-shirye, galibi na shekara biyar, ana ƙiyasta biyan da kuɗin shigar da manomi ya rasa da abin da ya kashe. Shekara biyar ta yi kaɗan ga makiyaya mai furanni iri-iri, wadda ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta farfaɗo, alhali zuba taki na 'yan damuna ya isa ya mayar da ita baya. A yankin Burren na ƙasar Ailan an gwada wata hanya: a ba kowane fili maki har zuwa 10 bisa lafiyarsa, a biya gwargwadon makin, manomi ya zaɓi yadda zai kai can. Abin da ke saura bayan irin wannan tsari shi ne ilimin da manomi ya samu game da filinsa, ko da yake shi ma biyan ci gaba yake buƙata.

Ba ko'ina lissafin riba ke bayyana komai ba. A tsaunukan Ekwado, shirin gwamnati da ke biyan al'ummomi su rage kiwo a filayen tarayya ya tsaya ba zato a 2015, amma bincike ya nuna gidaje da yawa ba su mayar da dabbobinsu ba. Ƙa'idojin da al'ummomin suka kafa da kansu sun ci gaba da aiki, wasu kuma sun riga sun koma wata sana'a.

Wahalar aunawa

Ganin itatuwa a gona bayan shekaru bai isa hujja ba. Dole a kwatanta da gonaki makamanta da ba a biya ba, domin waɗanda ke fara shiga shiri sau da yawa su ne masu niyyar sauyawa tun asali. Dole kuma a duba ko shanun da aka fitar daga wani fili ba a kai su wani dajin ba. Har ila yau, idan kiwo ya ƙara riba, mai shi na iya faɗaɗa garke ya sare sabon wuri, shi ya sa shirye-shiryen baya-bayan nan ke haɗa biyan da sharaɗin hana saran daji a duk faɗin gonar, tare da duba hotunan tauraron ɗan'adam.